Ungulu Ba Ta Koma Gidanta Na Tsamiya Ba

Muna farawa da sunan Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci abin da rayukanmu ke so da abin da suke ƙyama, bai kuwa halicci ko ɗaya daga ciki don wasa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan'uwa masu karatu, mai yiwuwa ne wani ya dubi kan maganarmu ta wannan mako ya ce, to, yau kuma filin addini ya rasa abin faɗi, har ya gangara kan ungulu. Muna roƙonsa ya yi haƙuri ya bi mu, domin zancen ungulu ya taɓa mushe, ya taɓa guba, ya taɓa zuwa wurin boka, ya kuma taɓa ran ɗan Adam, kowanne kuwa daga cikin waɗannan yana da babi a littattafan malamanmu.

Duk wanda ya ba shekara hamsin baya, ya kuma tashi a Kano, ko Katsina, ko Zariya, ko Sakkwato, ko Maraɗi, ko Damagaram, ba ya bukatar a siffanta masa ungulu. Ya gan ta a kan rufin kwata tana jiran mahauta su zubar da dattin ciki. Ya gan ta a kan juji, da bakin kasuwa, da kan rimi da tsamiya na bayan gari. Ran Babbar Salla kuwa har cikin gidaje take sauka, yara suna kora tana tsalle gefe tana komowa. Saboda yawan cuɗanya da ita har ta shiga bakinmu: muna cewa ungulu ba ki jewar banza, muna cewa an yi wa wane ungulu da kan zabo, in kuwa mutum ya koma halinsa na da sai mu ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. To, yau a kira yaro ɗan shekara goma sha biyar a galibin waɗannan garuruwa a tambaye shi ko ya taɓa ganinta da idonsa. Karin maganar yana nan, tsamiyar ma a wasu wurare tana nan, amma mai gidan ba ta komo ba. Abin mamaki kuma shi ne ta ɓace ba wanda ya yi cigiya.

Allah Ya haramta mana cin mushe a wurare da dama na Alƙur'ani, daga ciki har da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida. Kowane ɗan makarantar allo ya san wannan. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Haramta mana mushe bai hana dabbobi mutuwa ba. Jaki zai mutu a hanyar kasuwa, saniya za ta faɗi a makiyaya lokacin bazara, kare zai mutu a bayan gari. Wa ke kwashe su? Tsawon zamani amsar ita ce ungulu da 'yar'uwarta mikiya. A cikin wannan sura ɗin dai, a aya ta 31, Allah Ya ba mu labarin yadda ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa ya tsaya bai san yadda zai yi da gawar ba, sai da aka aiko hankaka ya nuna masa tonon ƙasa. Ashe tun farkon duniya tsuntsun da ake rainawa ne ya fara koya wa mutum kawar da gawa daga bayan ƙasa.

Masu binciken halittu sun bayyana mana wani ɓangare na hikimar da ke cikin halittar ungulu. Ruwan cikinta yana da tsami mai tsanani ƙwarai, wanda ya fi na galibin dabbobi ƙarfi, har yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Kanta da wuyanta da muke yi wa dariya saboda sanƙo, rashin gashin nan yana rage maƙalewar jini da ƙazanta in ta cusa kai cikin mushe. Ga kuma gani daga nesa da sauri wajen aiki, domin garken mikiya yakan cinye naman babbar dabba cikin ɗan lokaci ya bar ƙashi. A shekarar 1973 wata mikiya ta yi karo da jirgin sama a sararin Abijan, a nisan da ya wuce mita 11,000 daga ƙasa, har yau kuwa ana lissafa wannan cikin mafi nisan tashin tsuntsu da aka tabbatar. A ƙasar Kenya, wani bincike da aka buga a 2012 ya gwada mushen da ungulaye suka sauka a kansa da wanda ba su sauka ba. Aka tarar wanda ba su sauka ba yakan daɗe kusan ninki uku kafin ya ƙare, namun daji masu cin mushe irin su kura da dila sukan fi taruwa a kansa, su fi daɗewa, su fi gogayya da juna. Wurin wannan gogayya kuwa nan ne cuta ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

ABIN DA YA SAMI INDIYA

Ba sai mun yi kirdado ba game da abin da ke aukuwa in ungulu ta ƙare a ƙasa, domin an riga an gani. Indiya ƙasa ce mai ɗimbin shanu, galibin mutanenta kuwa mabiya addinin Hindu ne, ba sa yanka saniya. In ta tsufa ta mutu, sai a feɗe fata a bar sauran a fili, ungulaye su yi aikinsu. Yawansu a da ya kai miliyoyi barkatai, har ana ɗaukarsu abin damuwa ga jiragen sama.

Daga farkon shekarun 1990 sai suka fara mutuwa. Ana ganinsu a kan itatuwa wuya a langwaɓe, kwana kaɗan su faɗo. Shekara da shekaru ana neman dalili, wasu suna zaton wata sabuwar annoba ce ta tsuntsaye. Sai a 2004 wani likitan dabbobi Ba'amurke mai suna Lindsay Oaks, tare da abokan aikinsa da suka yi bincike a Pakistan, suka buga sakamakon da ya warware matsalar. Ba annoba ba ce, magani ne. Wani maganin ciwon jiki da kumburi mai suna diklofenak, wanda mu ma muka sani a shagunan magani, shi makiyaya suka shiga yi wa shanunsu allura da shi saboda arha da saurin aiki. In saniya ta mutu da sauran maganin a jikinta, ungulun da ta ci naman sai ƙodarta ta lalace, wani farin abu kamar alli ya lulluɓe kayan cikinta, ta mutu. Masu lissafi suka nuna cewa ko da mushen da ke ɗauke da maganin bai kai ɗaya cikin ɗari ba, ya isa ya jawo irin wannan halaka, domin mushe ɗaya tsuntsaye da yawa ke taruwa a kansa. Tsakanin 1992 da 2007 wani jinsi na ungulun ƙasar, mai farin baya, ya ragu da kashi 99.9 cikin ɗari. Watau in da akwai dubu, saura ɗaya. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da maganin ga dabbobi, aka kuwa sami wani mai suna meloksikam wanda ba ya yi wa ungulu lahani, amma aikin gama ya riga ya gama.

A lura, makiyayin nan bai yi nufin ɓarna ba, tausayin saniyarsa ya ji. Wannan kaɗai ya isa abin tunani.

To, da ungulu ta kau, mushe bai daina faɗuwa ba. Ya zauna a fili yana ruɓewa, wasu suna jefa shi a rafi don su huta da wari, ruwan sha ya gurɓata. Karnukan da ba su da masu su suka sami abinci ba iyaka, suka hayayyafa. Kare kuwa ba ungulu ba ne: yana shiga unguwa, yana cizon yara, shi ne kuma babban mai kawo wa mutum ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Asiya da Afirka, kusan dukkansu kuma ta hanyar kare. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka kwatanta gundumomin Indiya da a da suke cike da ungulaye da waɗanda tun asali ba su da su sosai. Suka tarar bayan ɓacewar tsuntsayen mace-macen mutane ya ƙaru da fiye da kashi 4 cikin ɗari a gundumomin farko, suka ƙiyasta cewa rayukan da aka yi hasara tsakanin 2000 da 2005 sun kai kimanin rabin miliyan. Ƙiyasi ne na masu bincike, amma ko an raba shi gida goma an ɗauki kashi ɗaya, ya fi ƙarfin a kau da kai.

NAMU DA HANNUNMU MUKE YI

Abin da ya bambanta mu da Indiya abin kunya ne a faɗa. Can kuskure ne, nan kuwa galibi da gangan ne. Wani babban bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka tattara daga ƙasashen Afirka masu yawa, wanda ya fito a 2015, ya nuna cewa daga cikin mace-macen ungulaye da aka rubuta, kashi 61 cikin ɗari guba ce, kashi 29 kuwa fataucin sassan jikinsu ne don magani da tsafi. A wannan shekara ce ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke gab da ƙarewa ta sa ungulun nan tamu ta kwata, da mikiya, a matakin da ke dab da na ƙarshe. A watan Yuni na 2019 aka tsinci gawar ungulaye 537 a Botswana kusa da mushen giwaye da aka zuba wa guba. A farkon 2020 aka kashe fiye da 2,000 a gabashin Gini Bisau, aka kuwa tarar an sare kawunan da yawa daga cikinsu. Masu bin diddigin wannan fatauci sun sha ambaton kasuwannin Nijeriya da Binin a matsayin manyan wuraren da kan ungulu ke ƙarewa. Tsuntsuwa ce kuwa mai ƙwai ɗaya tak a shekara, ɗanta ma sai ya yi shekaru kafin ya isa haihuwa. In aka kashe ɗari a wuni ɗaya, ba a mai da su a shekara goma.

Me ake yi da kan ungulu? Kowa ya sani, ko bai faɗa ba. Wani an ce masa zai ga abin da ke ɓoye, wani zai ci caca, wani zai ci zaɓe, wani za a warkar masa da mahaukaci ko mai farfaɗiya. Dalilin masu wannan da'awa shi ne wai tun da tana hango mushe daga nesa, mai riƙe da kanta zai hango gobe. Subhanallahi! Tsuntsuwar da ba ta hango gubar da aka barbaɗa mata a kan nama ba, ita ce busasshen kanta zai nuna wa mutum gaibu? Sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ga wani abin lura ga ɗalibai: cikin gumaka biyar na mutanen Annabi Nuhu da aka ambata a aya ta 23 ta Suratu Nuhu akwai Nasru, kalmar da Larabawa ke kiran mikiya da ita, Buhari kuma ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa daga baya gunkin ya koma hannun ƙabilar Himyara. Ashe jingina asiri ga wannan tsuntsu tsohuwar ɓata ce.

Sa'an nan ga lahanin jiki. Mafarautan nan ba da kibiya suke kama ɗari a lokaci guda ba, maganin ƙwari na gona suke zubawa a nama, irin su karbofuran, wanda ɗan kaɗan nasa ke kashe mutum. Tsuntsun da ya mutu ta haka gubar tana nan a maƙoshinsa da cikinsa. Shi za a busar a daka a ba majinyaci ya sha a kunu, ko a turara masa, ko kuma a gasa naman a sayar wa matafiyi da sunan zabo. Mai neman lafiya ya biya kuɗinsa ya sayi guba.

Kada kuma a fahimce mu da cewa ungulu tsarkakakkiya ce daga cuta. A'a. Mai aikin kwasar ƙazanta ba ya rasa ta a jikinsa. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, karo na farko ke nan a nahiyar Afirka, a watan nan kuma ta ɓulla a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, a farkon 2007 kuwa aka tabbatar ta kashe wata mata a Ikko. A cikin 2006 ɗin masu bincike suka sami wannan ƙwayar cuta a jikin ungulaye a Burkina Faso. Yaya aka yi ta same su? Hanya mafi kusa ita ce matattun kajin da mutane ke jefarwa a juji. Mu muka ba ta, ita kuma tana iya kai wa wani juji, ko ta ba wanda ya kama ta ya fige. Haka zancen yake game da cutar saifa ta dabbobi, wadda likitoci ke kira antaraks, wadda ta ɓulla a arewacin Gana a tsakiyar 2023, aka kuma tabbatar da ita a Suleja a watan Yuli na shekarar. Masana suna da zance biyu a kai: cikin ungulu yana kashe ƙwayar cutar in ta cinye mushen da wuri, amma irin cutar mai tauri, wanda ke iya yin shekaru masu yawa a cikin ƙasa bai mutu ba, yana iya maƙalewa a ƙafarta da gashinta ta kai shi bakin ruwa. Abin da ya fito fili daga duka biyun shi ne, amfaninta yana samuwa in tana sama tana aikinta, haɗarinta kuwa yana ƙaruwa ne ranar da ta shiga hannun mutum.

HUKUNCI

A nan dole mu tsaya mu yi adalci, domin mun san akwai ɗalibin da zai ce, ai a mazhabarmu tsuntsaye duka halal ne. Gaskiya ne. Abin da ya shahara a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar na Halil, shi ne halaccin cin tsuntsaye, har da masu farauta da ƙumba da masu cin ƙazanta. Sauran mazhabobi uku sun haramta masu farauta da ƙumba bisa hadisin Ibnu Abbas da ke cikin Sahihu Muslim, suna kuma ƙyamar masu cin mushe. Ba mu zo don mu rushe maganar magabata ba. Amma wanda ya tsaya a nan bai gama karatu ba. Halaccin da suka faɗa na tsuntsun da aka yanka ne ko aka farauta ta hanyar Shari'a, wanda aka kashe da guba kuwa mushe ne ba tare da wani saɓani ba. Kuma Imamu Malik ɗin nan shi ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malamai suka mai da shi ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu. Abin da asalinsa halal ne yakan zama haram in ya tabbata zai cutar da mai ci ko jama'a. Zuma halal ce, amma ba wanda zai ce a sha wadda aka zuba wa guba.

Bugu da ƙari, kashe rai ba da haƙƙi ba abin tambaya ne ran Lahira ko da na ɗan tsuntsu ne, kamar yadda Nasa'i ya ruwaito game da wanda ya kashe gwara don wasa. Labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, duka suna cikin Buhari da Muslim. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. In kyanwa ɗaya ta kai mace wuta, ina ga mai shafe al'umma guda don a sayar da kawunanta? Wannan ya haɗa da makiyayin da kura ko karnuka suka yi wa ɓarna ya zuba guba a mushe don ramuwa. Haushinsa muna ganinsa, amma wanda zai fara sauka a kan naman ba kura ba ce.

Tun da mai kwasar ta yi ƙaranci, aikin ya komo wuyanmu, a ganinmu kuwa ya shiga cikin farillan da in wasu suka yi sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. A zamanin En'e akwai duba-gari, mutane suna tsoronsa. Yau sai a ga mataccen jaki ya kwana uku a bakin rijiya kowa na toshe hanci yana wucewa, alhali kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Mushe a haƙa rami mai zurfi nesa da ruwa a binne shi. Matattun kaji kada a jefa su juji, kada a ba karnuka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya, to, wanda ya ga annoba ta faɗa wa kajinsa ya kwashe su da sassafe ya kai kasuwa ya san inda ya tsaya.

Muna da jan kunne na musamman ga mahauta da makiyaya game da al'adar nan ta rugawa da wuƙa a kan dabbar da ke shure-shure don kada a yi hasara. Yanka yana fitar da ita daga hukuncin mushe in an same ta da rai, amma ba ya fitar da cuta daga namanta. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da wuri, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci ko baki ko dubura, kada a yanka, kada a feɗe, kada a taɓa fatar ko don jima ko don ganda. A kira likitan dabbobi, domin buɗe cikinta shi ke sakin irin cutar saifa cikin ƙasa. Wanda kuwa kare ya ciza, ko da ɗan ƙarzane ne, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti goma sha biyar, a kai shi asibiti a ranar don allurar rigakafi, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace. Addu'a da tofi ba su hana wannan ba. Ciwon haukan kare in alamunsa suka riga suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi.

Limamai da masu wa'azi a kasuwannin ƙauye, inda ake shimfiɗa kawunan nan a kan buhu ana ciniki, su ne suka fi kowa kusa da masu saye da masu sayarwa, da yawansu kuwa a sahu ɗaya suke salla. Inda kuma Allah Ya sa har yanzu akwai sauran 'yan ungulaye a kan wata kuka ko rimi a bayan gari, muna roƙon mai gari da sarkin pawa su sa ido a kan itacen, kada a sare shi, kada a hau a ɗebe ƙwan.

Allah Shi ne mafi sani.